RAHOTON MUSAMMAN: Albashi da naira, bashi da dala: Halin da asusun ƙananan kulob-kulob na taimakon al'umma ya shiga cikin shekara 10

Sau biyu a kowace shekara, a watan Janairu da watan Yuli, wata takardar neman biya kan iso wa kowane kulob na Rotary a duniya daga hedikwatar ƙungiyar da ke Evanston, a jihar Illinois ta Amurka. Takardar ba ta da tsawo. Yawan mambobin da ke cikin rajistar kulob ne, da abin da ke kan kowane mutum, sai jimilla a ƙasa. Da dalar Amurka ake ƙayyade kuɗin. A Abuja kuwa, ba abin mamaki ba ne a tarar wanda takardar ta faɗa hannunsa ma'aikacin gwamnati ne da ya karɓi muƙamin ma'aji don sa-kai, alhali albashinsa da na mutanen da zai bi su biya duk da naira suke shigowa.

Shekara goma da suka wuce, wannan kuɗi bai kai a yi doguwar muhawara a kansa ba. A yau shi ke fara cin kasafin kulob tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya domin aikin da aka taru a yi. Kulob ɗin da ya bar bashin ya haura kwana 120 na fuskantar soke sunansa daga rajista, kuma dawowa sai da tarar dala 30 a kan kowane mamba, ban da tsohon bashin.

Lamarin bai tsaya ga Rotary ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na ci-gaban garuruwa, da kulob-kulob na Lions, da kwamitocin marayu na unguwanni, waɗanda ma'aikatan tarayya da hadiman manyan jami'ai ke riƙe da yawancin muƙamansu a babban birnin, duk iska ɗaya ke kaɗa su. Sai dai Rotary ta fi sauƙin aunawa, domin abin da take karɓa daga kowane mamba a bayyane yake shekara bayan shekara.

Babban suna, ƙaramar jaka

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa kulob na farko a birnin Chicago ranar 23 ga Fabrairu, 1905. A Najeriya, Kano ce ta fara samun kulob mai rajista a 1961, kafin Legas da Ibadan su biyo baya a cikin shekarar. Daga kulob ɗin Kano ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya, ya fito ya zama shugaban ƙungiyar na duniya a zangon 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar.

Abin da ya fi sa sunan ƙungiyar ya shiga kunnen jama'a a Arewa shi ne yaƙi da cutar shan-inna, wanda ta ƙaddamar da shirinta a kai tun 1985. An ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Wannan babban suna yakan sa mutane su zaci kowane kulob na da rumbun da hedikwata ke cika masa. Akasin haka ne. Kowane kulob cin gashin kansa yake yi, shi ke tara kuɗinsa, shi ke biyan bashinsa, kuma daga ƙasa kuɗi ke hawa sama. Mutum 15 sun isa a kafa sabon kulob. Ke nan wata ƙungiyar da ake ganin tambarinta a jikin rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Kuje ko Bwari, ƙila dukan nauyinta a wuyan mutanen da ba za su cika bas biyu ba yake.

Kuɗi kan shigo wa irin wannan kulob ta ƙofa huɗu: kuɗin mamba na shekara, ɗan abin da ake tarawa a taron mako, gudummawar bikin rantsar da sabon shugaba ko ƙaddamar da asusu, sai tallafin da ake nema daga gidauniyar ƙungiyar ko daga kamfanoni. Yakan fita ta ƙofa biyu. Ta farko hidimar kulob ce: kuɗin hedikwata, kuɗin gunduma, kuɗin mujallar da aka wajabta wa mambobi, hayar ɗakin taro, abinci da buga takardu. Ta biyu ita ce aikin al'umma, kamar rijiya, gyaran aji, magani da kuɗin makarantar marayu. Lafiyar asusun kulob ta dogara ne ga yadda ƙofar farko ba ta haɗiye ta biyu ba.

Shekara goma a kan sikeli

A shekarar Rotary ta 2014/2015, wadda kamar kowace shekarar ƙungiyar ta fara ranar 1 ga Yuli, kuɗin hedikwata dala 54 ne a kan kowane mamba. A lokacin ana canza dala a kan kusan naira 160, wato kimanin naira 8,600. Mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, don haka kuɗin bai kai rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci ba.

A 2019/2020 kuɗin ya koma dala 68, dala kuma ta kai kusan naira 360 a kasuwar masu zuba jari. Abin da ke kan mamba ya zama kimanin naira 24,500, a shekarar da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000.

A 2024/2025 kuɗin ya kai dala 78 da rabi. A tsakani, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, sannan ta haura 1,500 a farkon 2024. Ko da a kan naira 1,500 aka lissafa, abin da ke kan mamba ya doshi naira 118,000. Sabon mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne.

Ma'anar wannan lissafi ita ce, a dala ƙarin bai kai rabi ba cikin shekara goma, amma a naira ya ninka fiye da sau 13, yayin da mafi ƙarancin albashi bai cika ninkawa sau huɗu ba. Idan aka ɗauki misalin kulob mai mambobi 25, takardarsa ta shekara ta tashi daga kimanin naira 216,000 zuwa 612,000, sannan zuwa kusan naira miliyan 2.9, ba tare da ya ƙara mutum ko ɗaya ba.

Gaskiya ne cewa mambobin irin waɗannan kulob-kulob ba masu ƙaramin albashi ba ne. Amma ko na sama ba su samu ƙarin da ya yi kusa da wannan ba. Ƙarin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta a ƙarshen Afrilun 2024 kashi 25 ne zuwa 35 cikin 100. Mataimakin darakta da ke biyan kuɗin makarantar yara, da haya, da fetur na zirga-zirga daga Kubwa ko Lugbe zuwa sakatariya, dole ya sake duba ko kuɗin kulob na cikin abubuwan da za su iya jira.

Ajiyar da ke narkewa a banki

Cuta ta biyu ba ta zuwa da takarda, shi ya sa ba a cika lura da ita ba. Kulob mai tsari yakan ajiye wani abu domin ranar da gudummawa za ta yanke. Shekaru da dama ana yaba wa ma'ajin da ya miƙa asusu da rara, ana ganin ya riƙe amana. Hauhawar farashi ta sauya ma'anar wannan yabo.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. A irin wannan yanayi, naira miliyan ɗaya da ta kwana shekara guda a asusu ba ta sayen abin da ya wuce na naira 742,000 a bara. Kulob ɗin da ke da ajiyar naira miliyan 5 a watan Mayun 2023 yana riƙe da abin da ya kusa dala 10,900. Bayan shekara guda, ba tare da an taɓa ko kobo ba, kuɗin bai wuce dala 3,300 da 'yan kai ba. Babu ɓarawo, babu almundahana, rahoton ma'aji daidai yake, amma kashi biyu cikin uku na ƙarfin ajiyar wajen biyan takardar dala ya tafi.

A ɓangaren aiki ma haka abin yake. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta koma 537 a Abuja, sannan 617, har ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. Injin haƙa rijiya da dizal yake aiki. Famfo, faifan sola da yawancin magunguna daga waje ake shigo da su. Otal ɗin da ake taro a ciki, idan yana rukunin A na wutar lantarki, an ninka masa kuɗin wuta fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, kuma ba zai haɗiye ƙarin shi kaɗai ba.

A nan ne rahoton shekara kan yaudari mambobi. Ma'aji zai tashi ya ce bana an tara fiye da bara, a yi tafi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: rijiya nawa kuɗin bana zai haƙa, rijiya nawa na bara ya haƙa? Kulob na iya ninka abin da yake tarawa a naira cikin shekara biyar, alhali aikinsa ya ragu da rabi.

Inda za a ajiye kuɗin ma abin dubawa ne. Asusun yau da kullum ba ya haifar da komai. Asusun ajiya kuwa, mafi ƙarancin ribarsa kashi 30 cikin 100 ne na ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki, wato kimanin kashi 8 lokacin da ma'aunin ke kan 27.5, abin da bai kai rubu'in hauhawar farashi ba. Ga mambobin da addini ya hana su kusantar kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, akwai kuma takardun Sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017. Sannan akwai batun tsaro: hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci a 2024, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni, 2024, masu ajiyar da kuɗinsu ya haura wannan iyaka sai da suka shiga layin jiran a sayar da kadarori.

Jarin gaskiya shi ne mutane

Ƙaramin kulob ba shi da gini, ba shi da fili. Jarinsa mambobinsa ne, kuma a Abuja wannan jari ba ya zama wuri ɗaya. Ma'aikaci na yin ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, da yawa kuma sukan koma gida. Sabbin dokokin aikin gwamnati da aka fara aiki da su a watan Yulin 2023 sun dawo da wa'adin shekara takwas ga daraktoci, da shekara huɗu mai sabuntawa sau ɗaya ga manyan sakatarori. Hadiman 'yan siyasa kuwa wa'adinsu na ɗaure da na iyayen gidansu. Duk shekarar zaɓe, wasu lambobin waya kan daina amsawa bayan 29 ga Mayu.

Tafiyar mamba ɗaya ba ta rage hayar ɗakin taro ko kuɗin odita. Idan mutum 30 ke raba wani nauyi, shida suka tafi, kason kowane ɗaya daga cikin 24 da suka rage ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Ƙarin na iya korar wasu biyu, tafiyarsu kuma ta sake ƙara wa na baya nauyi. Ta haka kulob ke ramewa a hankali, ba tare da an taɓa yin wani rikici da za a ce shi ne sanadi ba.

Akwai kuma mamban da bai tafi ba, bai kuma biya ba. Hedikwata na lissafi ne da sunayen da ke cikin rajista a ranar 1 ga Janairu da 1 ga Yuli, ko sun biya kulob ko ba su biya ba. Sakataren da kunya ta hana shi cire sunan tsohon maigidansa a ofis ya ɗora wa sauran mambobi biyan dalar mutumin. A takarda bashin mambobi yakan zauna a ɓangaren kadarori, ya sa asusu ya yi kyan gani. A zahiri, bashin da ya shekara biyu a kan wanda ya bar gari ba kadara ba ce, kuma ma'ajin da ya ci gaba da lissafa shi yana ɓoye wa kulob girman raminsa ne.

Alƙawarin bainar jama'a

Idan kuɗin mambobi ya gaza, idanu kan koma ga bikin rantsar da shugaba. A kama babban zaure, a buga kati, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da uban taro, mai gabatarwa ya riƙa shelanta miliyoyi. Washegari a ji adadin da aka tara. Abin da ba a cika sanarwa ba shi ne nawa ya shiga asusu bayan wata shida, kuma nawa bikin kansa ya ci. Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kulob ɗin da ya tsara kasafinsa a kan alƙawari yakan fara ginin aji, ya tsaya a linta.

Dogaro ga mai bayarwa ɗaya ma haɗari ne na daban. Shekarar da kulob ya samu shugaba mai hannu da shuni ko mai manyan abokai, asusu ya cika, a ɗaga burin aiki. Shekarar da ta biyo baya, wanda ya gaje shi ya tarar da burin ba tare da abokan ba.

Ga ma'aikacin gwamnati da hadimin minista, wannan batu na da wata fuska da ta fi asusun kulob nauyi. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 sun hana jami'i sa kansa a inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa, sun kuma hana shi nema ko karɓar wani amfani, don kansa ko don wani, saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Darakta da ya aika katin ƙaddamar da asusu ga ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke kan teburinsa na iya cewa don marayu ya yi, amma ɗan kwangilar ba lallai ne ya fahimci katin haka ba, mai bincike ma haka. Matsin da asusun kulob ke ciki shi ke tura mutanen kirki zuwa wannan gaɓa, shi ya sa gyaran asusun kariya ce ga su kansu mambobin.

Idan alƙawura suka ƙi cika, jarrabawa ta gaba ita ce aron kuɗin aiki a biya hidima, da niyyar mayarwa. Ƙungiyar Lions, wadda Melvin Jones ya kafa a Chicago a 1917, ta daɗe da toshe wannan ƙofa da doka: kuɗin da aka tara daga jama'a dole ya koma ga jama'a, hidimar kulob kuwa daga aljihun mambobi za ta fito, kuma a raba lissafin biyun. Duk ƙungiyar da ke zuba kuɗin rijiya da kuɗin shayi a asusu ɗaya, ranar da takardar dala ta iso za a gane wanda zai ci wani.

Shugaban shekara ɗaya, rijiyar shekara goma

A tsarin Rotary, shugaban kulob shekara ɗaya yake yi. Tsarin na hana mutum ɗaya mallake ƙungiya, amma yana da tsada ta wani gefen. Kowane shugaba na son aikin da za a manna allon sunansa, ba a samun mai ɗokin gyaran famfon da wanda ya gabace shi ya kafa. Bayan shekara goma kulob na iya lissafa rijiyoyi goma a rahotonsa, ba tare da ya san nawa ke ba da ruwa ba. Kowane aikin da aka kammala nauyi ne da zai dawo neman gyara, kuma da wuya a ga layin gyara a kasafin ƙaramin kulob.

Sauyin shugabanci na kuma tafiya da tarihi. Rasit na cikin jakar tsohon ma'aji, lissafi na cikin kwamfutarsa, sa-hannun banki na wanda aka yi wa canjin aiki zuwa wata jiha ne. Sabon ma'aji ya fara daga abin da ya tarar a asusu ranar 1 ga Yuli. Ta haka ake samun ƙungiyar da ta shekara 15 amma ba za ta iya jera lissafin shekara biyar a takarda ɗaya ba, alhali ba a gane lafiyar asusu da hoton shekara guda.

Abin da doka da masu tallafi ke nema

Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, ta tanadi cewa ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar CAC ta kashe kuɗinta a kan manufofinta kaɗai, ba tare da raba riba ga mambobi ba. Ta kuma zo da tanade-tanaden miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, da adana bayanan kuɗi na shekara shida, da sashe na 839 da ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu. Waɗannan sassa sun jawo ce-ce-ku-ce daga ƙungiyoyin addini da na farar hula, har Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke wasu daga cikinsu a watan Afrilun 2023, ciki har da sashe na 839.

Ko yaya shari'a ta kaya, banki da mai tallafi ba sa jiran kotu. Bankuna kan nemi shaidar rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC kafin su buɗe wa ƙungiya asusu, kamfanin da zai ba da gudummawa kuma yakan nemi lissafin da odita ya sa wa hannu.

A nan ne faɗuwar naira ke nuna ɗaya fuskarta. Gidauniyar Rotary, wadda ta faro a 1917 da gudummawar dala 26 da rabi, tana ba da babban tallafi ga ayyukan da kasafinsu ya kai aƙalla dala 30,000, wato naira miliyan 45 a kan canjin 1,500. Dalar da ke gasa wa kulob aya a hannu wajen biya, ita ce ke yi masa albarka idan shigowa ta yi. Amma akwai sharuɗɗa: abokin haɗin gwiwa daga wata ƙasa, binciken buƙatun al'ummar da za a yi wa aikin, asusu na musamman mai sa-hannun mutum biyu, da adana takardu na aƙalla shekara biyar. Kulob mai tsabtataccen lissafi na iya cin moriyar canjin. Wanda rasit ɗinsa ke warwatse a jakunkunan tsofaffin ma'aji, ɗacin kawai yake sha.

Yadda ake gane mai lafiya

Mamba ba ya buƙatar zama akanta kafin ya auna kulob ɗinsa. Zai iya tambayar ko kuɗin mambobi kaɗai na ɗaukar hidimar shekara ba tare da an taɓa na aiki ba. Zai iya tambayar wata nawa ajiya za ta riƙe kulob idan babu abin da ya shigo, da kaso nawa na kuɗin bara ya fito daga mutum ɗaya ko biki ɗaya. Zai iya neman a nuna masa bashin mambobi gwargwadon daɗewarsa, da bambancin abin da aka yi alƙawari da abin da aka karɓa. Mafi muhimmanci, zai iya neman a jera shekara biyar ko goma a gefen juna, a rubuta farashin dala da na buhun siminti na kowace shekara a ƙarƙashinsu.

Hanyoyin rage nauyi ma ba ɓoyayyu ba ne. Tun 2016 majalisar dokokin Rotary ta sassauta wa kulob-kulob, ta ba su damar yin taro sau biyu a wata maimakon kowane mako, ido da ido ko ta intanet. Kullen korona da aka sa wa Abuja daga 30 ga Maris, 2020 ya nuna cewa taro na yiwuwa ba tare da hayar otal ba, ko da yake ya nuna cewa zumuncin da ke riƙe mutane na yin sanyi idan ba a haɗuwa. Ana iya raba kuɗin mamba kashi-kashi a kan ranar albashi maimakon neman sa a dunƙule. Ana iya raba shi gida biyu, kason naira da kason dala, ta yadda na biyun zai riƙa bin canji, kulob ya daina cike giɓin daga ajiya. Ana iya tsabtace rajista kafin 1 ga Janairu da 1 ga Yuli. Ana iya zaɓar ƙauye ɗaya a zauna a cikinsa shekara uku, shugabanni uku su gaji aiki ɗaya, tare da ware kason gyara tun daga ranar farko. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar babban mai ƙaddamarwa, sai dai kowanne na buƙatar wani ya faɗi magana mai nauyi a gaban abokansa, wani lokaci a gaban wanda ya girme shi a ofis.

Naira ta ɗan samu natsuwa a 2025, amma takardar Evanston ba za ta ragu ba. Kuɗin 2025/2026 dala 82 ne. Majalisar dokokin ƙungiyar, wadda ke zama duk bayan shekara uku, ta riga ta amince a watan Afrilun 2025 cewa zai koma dala 85 da rabi a 2026/2027, ya ci gaba da hawa har dala 93 a 2028/2029. Ga kulob mai mambobi 25, wannan dala 2,325 ke nan a shekara, kafin kuɗin gunduma, kafin hayar zaure, kafin a je ƙauyen da ake jiran ruwa. Adadin sananne ne tun yanzu, kuma ma'ajin da zai biya shi ƙila bai ma karɓi littafin ba tukuna.